Tambayi Likita: "Ta samu sauƙi da na daina ba ta burodi, har yanzu sai mun yi gwajin?"

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata duk a kan ciwo ɗaya suka zo, wato cutar siliyak, wadda hanji ke kumburewa idan an ci alkama. Na zaɓi uku. Ta farko ce ta fi ci mini rai, shi ya sa na fi daɗewa a kanta.

Tambaya

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ina da yarinya 'yar shekara huɗu. Tun da na yaye ta ba ta sake yin kumari ba. Ciki kullum a kumbure, ƙafafu sirara, ɗuwawu duk ya zube, ga kuka da ƙiwa. Bayan gidanta fari-fari ne mai maiƙo, warinsa ba a magana, ko an kora da ruwa sai ya manne a jikin fo. Mun ba ta maganin tsutsa har mun gaji, mun ba ta na ƙarin jini. Surukata ta ce basir ne, aka jiƙa mata saiwoyi, shiru. Wata likitar yara ta tambaye ni abin da take ci, na ce shayi da burodi da safe, taliya ko indomi da rana, don su kaɗai take yarda ta ci. Ta ce tana zargin siliyak, ta rubuta mana gwajin jini. Da na ji alkama ake zargi sai na daina ba ta, yau mako biyu ke nan, kuma wallahi cikin ya fara sacewa, har tana wasa da 'yan'uwanta. Maigida ya ce tunda an gano matsalar, gara a sayi abinci da kuɗin gwajin. Ya kika gani?

Wata uwa daga Zariya

Amsa

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya saka miki da wannan ɗawainiya. Ki yi gwajin, kuma cikin makon nan. Idan kin je, ki faɗa wa likitar ranar da kika daina ba ta alkama, kada ki ɓoye don gudun faɗa. Zan faɗa miki dalilin gaggawar, amma sai kin fara sanin abin da ke faruwa a cikin 'yarki, don ki iya yi wa maigida bayani da bakinki.

Ki kwaɓa fulawa da ruwa ta yi tauri, ki bar ta ta ɗan huta, sannan ki riƙa wanke kwaɓin a cikin kwanon ruwa kina matsawa. Ruwan zai yi fari, ki zubar ki sake. A ƙarshe za a bar ki da wani ɗan curi mai danƙo, kina ja yana miƙewa ba ya tsinkewa. Wannan shi ne gulutin, furotin ɗin da ke cikin alkama, kuma akwai danginsa a sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. Shi ke sa burodi ya tashi, shi ke sa a murza taliya ba ta kakkarye ba. Garin gero ko na dawa ba zai taɓa yi miki wannan danƙon ba, don babu gulutin a cikinsu.

Cikin kowa ba ya iya narkar da gulutin gaba ɗaya. Sinadaran narkar da abinci suna sare shi, amma wasu dogayen guntaye kan tsira. Ga mafi yawan mutane guntayen nan wucewa suke yi su fita, babu abin da ya faru. Ga wanda ya gaji wata ƙwayar halitta da ake kira HLA-DQ2 ko HLA-DQ8, labari kan iya sauyawa. Guntayen suna ratsa bangon ƙaramin hanji, a can wani sinadari na jikin mutum mai suna tTG ya ɗan sauya musu kama, sai su dace daram da wannan abin da aka gada. Shi kuma ya ɗauke su ya nuna wa ƙwayoyin garkuwar jiki a matsayin abokan gaba. Daga nan faɗa ya tashi, kuma a bangon hanjin ake yin sa. Garkuwar da ya kamata ta kare yarinya ita ke kashe ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanjinta.

Cikin ƙaramin hanji ba sumul yake ba. Cike yake da 'yan tsiro-tsiro miliyoyi, tsawon kowanne kusan milimita ɗaya ko ƙasa da haka, kuma su ne ke tsotse amfanin abinci su kai jini. Saboda su ne faɗin cikin hanjin babban mutum ya kai kusan murabba'in mita 30. Ki ɗauki sabon tawul mai gashi, ki haɗa da tsohon da gashinsa ya cinye ya zama ƙyalle: na farkon yana shan ruwa, na biyun sai dai ya shafa ya wuce. Haka kumburin siliyak ke mayar da hanji. Abinci yana shiga, yana wucewa, jiki bai samu rabonsa ba.

Duk abin da kika lissafa a wasiƙarki yana da mazauni a wannan bayani. Maiƙon da kike gani a fo, man abincin ne da hanji ya kasa tsotsa. Abin da bai narke ba yana isa babban hanji ya ruɓe ya yi iska, ciki ya kumbura. Maganin ƙarin jini bai yi aiki ba saboda farkon ƙaramin hanji, nan kusa da tumbi, shi ne wurin da ake tsotse sinadarin ƙarfe da kalsiyam, kuma nan ne cutar ta fi cinyewa. Ba don surukarki ba ta damu da jikarta ba ta ce basir ne. A wurinmu kusan duk ciwon da ya shafi ciki da bayan gida sunansa basir, kuma ƙarƙashin wannan suna cututtuka da yawa suke fakewa.

Yanzu maganar gwaji. Abin da ake nema a jini shi ne sinadarin garkuwa da jiki ke ƙerawa a kan tTG ɗin nan, a takarda za ki ga an rubuta tTG-IgA. Jiki yana ƙera shi ne muddin ana cin alkama. Da an daina, sai ya fara raguwa a hankali, hanji ma ya fara warkewa. Idan kika jira wata uku ko huɗu, gwajin na iya fitowa lafiya lau alhali cutar tana nan, kuɗin ya tafi a banza, ku kuma ku koma ba ta burodi da kwanciyar hankali. Mako biyu bai yi nisa ba. Likitar za ta duba ko a ɗebi jinin nan take, ko a mayar da ita kan abincinta na da na wasu makonni tukuna. Wannan hukuncin nata ne, kada ki yanke shi a gida, domin mayar da ƙaramin yaro da ya rame kan alkama abu ne da ake yi da lura. Ki kuma tabbata an haɗa da awon jimillar IgA, wato nau'in sinadarin garkuwar da gwajin ya dogara da shi, saboda wasu yara a halittarsu yana da ƙaranci, sai gwajin farko ya ɓoye gaskiya.

Idan jini ya nuna, yawanci a kan zura siririn bututu mai kyamara ta baki har farkon hanji, a tsinko 'yan ƙananan tsoka a duba a madubin likita. Ana sa yaro barci, ba ya jin komai. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin cikin yara ta Turai ta fitar a 2020 ta yarda a tabbatar da cutar ga yaro ba tare da wannan ba, idan sakamakon ya ninka iyakar lafiya sau 10 ko fiye, kuma wani gwajin jini na biyu mai suna EMA ya goyi baya.

Ki gaya wa maigida cewa na fahimci lissafinsa, kuɗi ba a ƙasa ake tsintarsu ba. Amma sauƙin mako biyu ba hujja ba ce. Yaron da aka raba da indomi da shayi aka koma ba shi tuwo da wake da ƙwai zai iya murmurewa ko ba shi da siliyak. Kuma a ƙasarmu akwai abubuwa da dama da ke kawo irin wannan kama: ƙwayar giyadiya da ake sha a gurɓataccen ruwa, tamowa, tarin fuka na ciki, kumburin hanjin da yawan gudawa ke bari. Kowanne maganinsa daban. Idan siliyak ce, hanin na har abada ne, ba a girma a bar ta, kuma ba daidai ba ne a ɗora wa yarinya wannan nauyi tsawon rayuwarta a kan zato. Idan kuma ba ita ba ce, to akwai wani ciwon da ke zaune ba a yi maganinsa ba. Sannan wanda bai ga takarda ba, wata rana zai ce "ɗan biskit ɗaya ai ba komai". Takardar ce za ki nuna wa kaka da gwaggo da malamar makaranta.

Idan an tabbatar, kada hankalinki ya tashi a kan me za ta ci. Bature da aka ce ya bar alkama ya shiga uku, don safe da rana da dare a kanta yake. Mu kuwa rumbunmu cike yake da abin da ya halatta mata: gero, dawa, maiwa, masara, shinkafa, acca, tamba, wake, gyaɗa, gurjiya, doya, rogo, dankali, makani. Koko da ƙosai da safe, dambu ko faten acca da rana, tuwon dawa miyar kuka da dare, alale, fura, nama, kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itatuwa. Madara na iya kumbura mata ciki a watannin farko, saboda sinadarin da ke narkar da sukarin madara a kan tsinin tsiro-tsiron nan yake zaune. Idan sun sake tofowa yawanci matsalar kan wuce, kuma kindirmo ya fi sauƙin karɓuwa kafin nan. Yara suna saurin farfaɗowa. Cikin makonni ci ya dawo, cikin watanni ki ga kayanta sun fara matse ta. A riƙa auna nauyinta da tsawonta a kati, a kuma maimaita gwajin jinin bayan wata shida zuwa shekara don a ga yana sauka.

Abu na ƙarshe: ke da mahaifinta da 'yan'uwanta na ciki ɗaya ku ma a gwada ku, ko ba ku jin komai. Cikin kowane mutum 10 na dangi na kusa irin haka, kusan ɗaya kan kasance da ita.

Tambaya

Likita, ni magidanci ne ɗan shekara 38. Na yi shekaru ina fama da ƙarancin jini da kasala da gyambon baki, har aka tabbatar mini da siliyak a wani asibiti a Alƙahira. Na bar burodi da taliya kuma na ji daɗin jikina. Amma a biki ko gidan surukai in aka kawo funkaso ko alkaki nakan ɗan taɓa, don kunya, kuma ba na jin ciwon komai bayan nan. Wannan ɗan kaɗan ɗin zai cutar?

Wani mai karatu daga Kano

Amsa

Malam, zai cutar, kuma rashin jin ciwon ne ya sa na fi damuwa da kai. Siliyak ba irin borin jinin da wasu ke yi wa alkama ba ce, wanda cikin mintuna jiki ke yin ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura. Kumburin siliyak a ɓoye yake ci, kuma bangon hanji ba ya kai ƙara kowane lokaci. Akwai waɗanda aka leƙa hanjinsu aka tarar ya shafe, su kuwa ko gudawa ba su taɓa yi ba. Kai kanka shaida ne: da ƙarancin jini ta zo maka.

Ga ma'aunin da za ka riƙe. A wani bincike da aka yi a Italiya aka wallafa a 2007, an ba masu siliyak da hanjinsu ya warke bayan barin alkama miligiram 50 na gulutin kullum har kwana 90, aka ga hanjinsu ya fara lalacewa. Yankan burodi ɗaya yana ɗauke da giram 2 ko fiye, wato miligiram 50 bai wuce ɗan ɓarɓashin da ke zuba a faranti ba. Shi ya sa ƙa'idar abinci ta duniya ba ta yarda a rubuta "babu gulutin" a jikin kaya ba sai abin da ke ciki bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba. Funkaso ɗaya ya ninka wannan nesa ba kusa ba. Hanjin babba kuma yana da nawar warkewa, yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye. Wanda ke "ɗan taɓawa" duk bayan mako biyu, hanjinsa bai taɓa samun hutun da zai gama warkewa ba. Abin da ke biyo baya shi ne jinin da ba ya cika, ƙashi mai rauni da kan karye da ƙaramar faɗuwa, matsalar haihuwa ga maza da mata, da kuma, ga 'yan kaɗan, wata sankarar hanji.

Funkaso da alkaki da alkubus da gurasa da fanke da cincin da dubulan, waɗannan a fili suke, ka san su. Waɗanda suka fi kama mutane su ne na ɓoye. Semo alkama ce, haka kuskus na leda. Ɗanwake yanzu da yawa da fulawa ake haɗa shi. Wasu masu waina da sinasir suna ƙara fulawa ko semo don ya yi laushi, wasu da ita suke ɗaure kunun gyaɗa. Mai ƙosai ta bakin titi sau da yawa a mai ɗaya take soya fanke da ƙosan. Wasu dunƙulen ɗanɗano da kayan sha na malt da garin shayi na gwangwani suna da alkama ko sha'ir a ciki, wasu babu, sai ka karanta jikin kwalin. A Najeriya ka nemi kalmomin wheat da barley, a Nijar blé da orge.

Wurin da ya fi ko'ina shi ne injin niƙa. Ka tsaya wata rana ka kalla: an gama niƙa wa wata alkamar tuwon mai ciwon sukari, mai inji bai ko buɗe bakin injin ba, ya juye dawar gidanka a kai. Garin farko da ya fito ba dawa zalla ba ce. Ku nemi mai injin da ba ya niƙa alkama, ko a kai niƙa da sassafe bayan an wanke, a kuma ware garin farko a ba sauran mutanen gida. A madafi, uwargida ta ware maka rariya da muciya da matsamin taliya, don gari yana maƙalewa a ramukan rariya da tsagar itace, wanki ba ya fitar da shi duka. Tukwane da faranti na ƙarfe kuwa wanki da sabulu ya isa.

Maganar kunya na san ba ƙarama ba ce. A wurinmu mayar da akushi ba a taɓa ba kamar raini ne, balle a gidan surukai. Amma babu wanda ke jin haushin mai ciwon sukari in ya ƙi lemo, ko mai hawan jini in ya ce a rage gishiri. Faɗa sau ɗaya, a fili, ga babbar gidan: "Hajiya, likita ya hana ni duk abin da aka yi da alkama ko fulawa, ko kaɗan ne yana cinye mini hanji." Mafi sauƙi ma matarka ta riga ka isar da saƙon ga mahaifiyarta. Na tabbata zuwa na gaba tuwon shinkafa za ka tarar, kuma da murna za a yi maka shi. Ka koma a sake auna tTG ɗinka da yawan jininka, ka kuma tambayi likitanka batun awon ƙarfin ƙashi, tunda ka daɗe da cutar kafin a gano.

Tambaya

Ranki ya daɗe, ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. An ce mana siliyak cutar Turawa ce, ba ma buƙatar mu damu da ita a nan. Haka ne?

Wata ɗaliba daga Maraɗi

Amsa

'Yata, a Turai aka fara gane ta, wannan gaskiya ne. Wani likita mai suna Samuel Gee ya siffanta ta a Landan a 1888. Likitan yara na Holan, Willem Dicke, shi ya ɗaure alhakin a wuyan alkama: a yunwar da aka yi a ƙasarsa a hunturun 1944 zuwa 1945, burodi ya ɓace, yaran da ke ɗakin jinyarsa masu wannan ciwo suka murmure, da burodi ya dawo suka koma gidan jiya. Ya rubuta sakamakonsa a 1950. A duniya ana ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 na da ita.

Amma ɗaya daga cikin adadi mafi yawa da aka taɓa samu a nahiyarmu aka same shi. A 1999 likitan yara ɗan Italiya, Carlo Catassi, da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi wa yaran Sahrawi kusan 1,000, mutanen Yammacin Sahara da ke zaune a sansanonin gudun hijira kusa da Tinduf a Aljeriya. Kashi 5.6 cikin 100 suka nuna alamar cutar a jini. Mutane ne da ƙwayar DQ2 ta yi yawa a jinsinsu, sannan zaman sansani ya sa fulawar agaji ta zama abincinsu na kullum. An kuma san cutar sosai a Masar da Libiya da Sudan da arewacin Indiya.

Abu biyu take buƙata, gado da alkama. Na biyun ne ya sauya a wurinmu. Kakanninmu sun san alkama, ana noma ta da rani a fadamu, amma abincin sallah da gara da saukar baƙo ce. Yau yaron birni da burodi yake karyawa, da taliya yake wuni, wani ma da garin jarirai na alkama aka fara ba shi abinci.

Don haka idan kin fara aiki, ki sa ta a lissafi a wurare kamar haka: yaron da ya tsaya da girma bayan yaye kuma maganin tsutsa da abincin tamowa ba su tashe shi ba, matar da ta sha ƙwayar ƙarin jini wata da watanni jinin bai motsa ba, ko take yawan ɓari ba a san dalili ba, mai ƙuraje masu ruwa da tsananin ƙaiƙayi a gwiwar hannu da ta ƙafa da ɗuwawu, dama da hagu daidai, yaron da haƙoransa na dindindin suka fito da tabo da ramuka. Ki fi sa ido a kan yara masu ciwon sukari nau'i na ɗaya, masu allurar insulin, domin kusan 1 cikin 20 daga cikinsu na da siliyak, kuma su ne ake cewa su dage da tuwon alkama. Idan kin yi zargi, ki tambayi uwa abin da yaro ke ci daga safe zuwa dare ki rubuta, ki tura su wurin likita, ki kuma ja mata kunne kada ta sauya abincin sai an ɗebi jini.